Wa zai biya kuɗin ajin ɗan talaka? Tambaya a kan sababbin dokokin haraji

Malamin Aji Huɗu ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar firamare ta gwamnati a Arewa maso Yamma, kuma shekarata goma sha tara ke nan ina riƙe da alli. Yaran da ke rajistar ajina sun haura ɗari, bencin da ya rage mana guda bakwai ne, saboda haka mafi yawansu a ƙasa suke zama, wasu a kan buhun da suka zo da shi daga gida. Idan damina ta sauka mukan matsar da su gefe guda, domin kwanon rufin ya ɓule ta kusurwar gabas, kuma ruwan a daidai gindin allo yake taruwa.

Tun daga watan Oktoba na 2024, lokacin da Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurorin haraji guda huɗu, nake bin muhawarar a rediyo da majalisar unguwarmu, har aka rattaba musu hannu a ranar 26 ga Yuni 2025, biyu daga cikinsu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma a farkon 2026. Abin da ya dame ni shi ne, kafin mutum ya buɗe baki na riga na san abin da zai faɗa, matuƙar na san jam'iyyarsa ko ubangidansa na siyasa. Wannan ya ce an zo a kashe Arewa, wancan ya ce an zo a ceci talaka, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ambaci aji irin nawa ba. Tambayata ga masu sani ita ce: shin da gaske dokokin nan sun sa masu hannu da shuni za su biya fiye da da? Idan kuma sun biya, akwai wata hanya da kuɗin zai bi har ya iso makarantar firamare? Ina roƙon a amsa mini da hujja, ba da hular da mutum yake sakawa ba.

Tsohon Jami'in Haraji ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan aiki da kake yi. Na yi shekaru ina aiki a hukumar tattara kuɗin shiga ta wata jiha kafin na yi ritaya, don haka zan faɗa maka abin da ke rubuce, sannan in faɗa maka abin da ido ya gani.

A takarda, dokar ta sassauta wa mai ƙaramin ƙarfi. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara ba a cire mata komai, kuma wanda ke karɓar mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000 a wata, an ɗauke masa harajin baki ɗaya. Daga nan sai harajin ya riƙa hawa mataki-mataki, daga kashi 15 cikin ɗari zuwa 18, zuwa 21, zuwa 23, har ya tsaya a kashi 25 a kan abin da ya haura naira miliyan 50 a shekara. Masu suka suna cewa a tsohuwar doka ma matakin ƙarshe kashi 24 ne, don haka ƙarin ɗigo ɗaya ne kawai. Wannan magana ba ta cika ba, domin a da akwai wani rangwame da ake fara cire wa kowa, wanda ya haura kashi 20 na dukan abin da ya samu, kafin a lissafa masa haraji, kuma mai babban albashi shi ya fi cin moriyarsa. An soke wannan rangwame, an maye gurbinsa da na kuɗin haya wanda ba ya wuce naira 500,000. Saboda haka mai babban samu, idan har ana ganin samun nasa, zai biya fiye da da sosai. Haka kuma harajin ribar sayar da kadara ko hannun jari, wanda a da kashi 10 ne, ya koma kashi 30 ga manyan kamfanoni.

Amma ka lura da sharaɗin da na saka, wato idan ana ganin samun nasa. A nan gizo yake saƙa. Kai ma'aikaci, kafin albashi ya shiga asusunka an riga an zare haraji, ba a ma tambaye ka ba. Shi kuwa attajirin da ke da gidajen haya a unguwanni uku da tireloli da rumbunan hatsi, shi ne zai zo da kansa ya bayyana abin da ya samu, kuma a shekarun da na yi a ofis na ga takardun mutanen da kowa a gari ya san ƙarfinsu, amma abin da suka rubuta bai kai albashin daraktan ma'aikata ba. Idan ƙaramin jami'i ya ɗaga fayil ɗin, kafin la'asar an yi waya daga sama. A watan Yunin 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yake muƙaddashin shugaban ƙasa, ya faɗa a bainar jama'a cewa mutum 214 ne kacal a duk Nijeriya suke biyan harajin naira miliyan 20 ko fiye a shekara, kuma dukansu a Legas suke. Ka auna wannan da yawan masu kuɗin da ka sani a manyan biranenmu.

Abin da muhawarar ta ɓoye shi ne, harajin samun mutum ɗaya-ɗaya ba Abuja ce take karɓarsa ba, jihohi ne, in ban da na sojoji da 'yan sanda da wasu kaɗan. Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna a ƙarshen Oktoban 2024 sun ƙi amincewa da yadda aka so a raba harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kayan da mutum ya saya, kuma sun yi nasara a kan abubuwa da yawa: ba a ƙara harajin daga kashi 7.5 ba, an bar ƙarin kason jihohi daga kashi 50 zuwa 55 da ke cikin ƙudurin tun farko, sannan a tsakanin jihohin ana raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kayan. Ban ga laifin wannan fafutuka ba, kuma ina ganin ta kare jihohinmu daga asara. Sai dai duk rigimar a kan rabon abin da ke cikin tukunya aka yi ta. Zancen wanda zai zuba a tukunyar daga cikin attajiran gida, wanda yake hannun gwamnonin kansu, ba a yi masa ko taro ɗaya da na ji labari ba.

Game da ajinka kuwa, Malam, babu wani kaso a sababbin dokokin da aka rubuta masa sunan firamare. Hanyar da tarayya ke bi ta taimaka muku ita ce dokar ilimin matakin farko ta UBE ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar tarayya, kuma kafin jiha ta karɓi kasonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Shekara da shekaru hukumar UBEC mai kula da wannan kuɗi tana kukan cewa biliyoyin naira suna jibge saboda wasu jihohi ba su kawo nasu rabin ba.

Ɗan Kasuwar Yadi ya rubuta:

Ranka ya daɗe tsohon jami'i, na karanta bayaninka sau biyu, kuma ban musa alƙalumanka ba, amma ina so a ji ta bakinmu mu ma, domin da zarar an ce masu kuɗi sai a haɗa mai shago biyu da mai matatar mai a kwando ɗaya. Ina da shago a ɗaya daga manyan kasuwannin Arewa, kuma a cikin durowata akwai rasit kala-kala: na ƙaramar hukuma, na jiha, na shara, na allon suna, na lodi da sauke kaya, ga wanda direba yake biya a kowane shinge daga Legas har ya iso. Bayan duk wannan, mu muke sayen man janareta, mu muke biyan masu gadi, mu muka haɗa kuɗi muka haƙa rijiyar burtsatse a layinmu, kuma ranar da gobara ta tashi a kusa da mu da bokiti muka fara kashe ta. To idan aka ce in ƙara, dole in tambaya ina na baya ya tafi.

Na biyu, ni Musulmi ne, duk shekara ina ƙidaya kayana in fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in, kuma ina ganin wanda na ba da idona. Yara huɗu marayu nake biya wa kuɗin makaranta a unguwarmu. Manyan attajiranmu ma ba su zauna haka ba: Alhaji Aliko Dangote ya gina makarantar koyon kasuwanci a Jami'ar Bayero, Alhaji Abdussamad Rabi'u kuma ta gidauniyarsa ya ba jami'o'i da dama naira biliyan ɗaya-ɗaya. Wannan ana ganinsa a ƙasa. Malam, wallahi da za a ce ga asusu na musamman, ga sunan makarantarka, ga adadin bencin da za a saya, kuma za a liƙa lissafin a ƙofar makaranta, da ni ne na farko a layi. Abin da zuciyata ba ta yarda da shi ba shi ne in zuba kuɗi a rijiyar da ban ga ƙasanta ba, sannan in ga jerin gwanon motoci sababbi sun wuce ni a titi.

Malama a Jami'a ta rubuta:

Alhaji, Allah ya karɓi zakkarka, ya kuma raya marayun da kake riƙo. Kukanka a kan yawan rasit gaskiya ne, kuma wanda ya fi shan wahalarsa ma ba kai ba ne, mai tura baro ne da mai sayar da ƙosai a bakin tasha, waɗanda ake karɓar nasu kullum ba tare da an tambayi ribarsu ba. Amma ina so in rabu da kai a wuri ɗaya. Zakka tana da masu ita, Allah ya lissafa su kashi takwas a aya ta 60 cikin Suratut Tauba, kuma kyauta tana bin ran mai bayarwa ne, ya yi a bana ya fasa a baɗi, ya zaɓi garin da yake so. Albashin malami kuwa duk wata ne, a kowane ƙauye, har wanda babu attajirin da ya san hanyarsa. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ba da adadin yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa firamare a ƙasar nan, UNESCO kuma a 2022 ta ce idan aka haɗa da na sakandare sun kai wajen miliyan 20, mafi yawansu a yankinmu. Babu gidauniyar da za ta iya ɗaukar wannan kaya.

Hujjata cewa haraji yana iya aiki ina ganinta kowace safiya a wurin aikina. Bayan yajin aikin 1992, lokacin da Farfesa Attahiru Jega yake shugabancin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, aka cim ma yarjejeniyar da ta haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin ɗari na ribarsu. A 2011 aka mayar da asusun da ake tara wannan haraji ya zama TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai, daga baya kuma aka ɗaga harajin zuwa kashi 2.5, sannan zuwa 3 a 2023. Duk wanda ya shiga wata jami'ar gwamnati ko kwalejin ilimi ya dubi sababbin ɗakunan karatu da ɗakunan gwaje-gwaje, zai ga sunan asusun nan a jikin mafi yawansu. Ni kaina da kuɗinsa na yi digirina na uku, kuma mahaifina manomi ne. Wannan shi ne irin asusun da kake nema, Alhaji, mai suna da manufa, kuma ya rayu a ƙarƙashin soja da PDP da APC.

Shi ya sa hankalinmu ya tashi da muka ga ƙudurin farko na 2024 ya tsara cewa daga 2030 TETFund ba zai ƙara samun ko sisi daga sabon harajin raya ƙasa da za a ɗora wa kamfanoni ba, duka za a miƙa wa asusun bashin ɗalibai na NELFUND. Da aka yi ta kuka sai aka cire wannan, amma abin da aka tsayar shi ne harajin kashi 4 cikin ɗari wanda ya haɗe tsofaffin haraji huɗu, kuma rabinsa ne na TETFund. Rabin huɗu biyu ne, alhali a da uku yake samu. Ban ƙi bashin ɗalibai ba, na san ɗaliban da ba don shi ba da sun ajiye karatu, amma akwai bambanci tsakanin a gina wa ɗan talaka makaranta da ribar kamfani da kuma a ba shi rance ya biya kuɗin makarantar da kansa. Da na faɗi wannan a wani zaure, nan take aka ce ni 'yar adawa ce. Da na yaba da cire wa masu ƙaramin albashi haraji, wasu suka ce an saye ni.

Sai dai dole in amsa laifinmu a gaban Malamin Aji Huɗu. Mu muna da ƙungiya mai ƙarfi, mun rufe jami'o'i wata takwas a 2022, duniya ta ji. Asalin asusun 1993 har da firamare da sakandare yake taimaka wa, kuma da aka cire su a 2011 ba mu yi musu magana ba. Yaron da ya fito aji shida bai iya karanta sunansa ba, ba zai taɓa zama a ɗakin karatun da TETFund ya gina ba.

Dattijo Mai Tuna Baya ya rubuta:

'Ya'yana, na haura saba'in, jikana ne yake buga mini wannan. Na ga zamanin da mai unguwa yake bi gida-gida karɓar haraji, na ga magidanci ya bar gari da dare saboda ba shi da abin biya, na ga Bafulatani yana ɓoye shanu a daji saboda jangali. Harajin nan a kan kai yake, ba a kan dukiya ba, shi ya sa jam'iyyar NEPU ta yaƙe shi tun daga 1950, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ina cikin waɗanda suka yi murna a titi ranar, kuma har gobe ina ganin daidai aka yi. Amma da girma ya zo na gane cewa rabin aikin muka yi. Mun sauke wa talaka kaya, ba mu ɗora wa mai ƙarfi nasa ba, domin kuɗin mai yana zuwa daga Legas, daga baya daga Abuja, kowa ya saki jiki. Tun daga nan gwamna ya daina buƙatar aljihun mutanensa, su kuma suka daina tambayarsa lissafi.

Ku dubi tsohuwar Jihar Yamma, ƙasar Yarbawa. Firimiyanta Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a watan Janairun 1955, kuma kafin nan ya ɗora wa jama'arsa ƙarin haraji domin ilimi da lafiya. An yi masa bore, 'yan adawa suka hau kan maganar, jam'iyyarsa ta Action Group ta sha kaye a hannun jam'iyyar NCNC a zaɓen tarayya na 1954 a yankinsa na kansa, amma bai janye ba. Ban taɓa zama ɗan jam'iyyarsa ba, amma ratar da ke tsakaninmu da su a yau wani ɓangarenta daga wannan shawara ya taso.

Mu a nan ilimi ya zama tutar kamfe. A Kano an ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, kuma kowane ɓangare yana kushe na ɗan'uwansa. Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 an sauya mata suna a 2017, daga baya aka mayar mata da na farko, mutane suka yi ta sa-in-sa a kan allon ƙofa. A Kaduna, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017 aka ce 21,780 daga cikin 33,000 sun faɗi, magoya bayan gwamna suka ce gyara ne, abokan hamayyarsa suka ce zalunci ne, kuma kaɗan ne suka tsaya suka tambayi wanda ya ɗauki waɗannan malamai aiki tun farko, da albashin da za a biya wanda ya fi su don ya zauna a ƙauye. Dalilin da ya sa ba za ka ji ɗan takara ya ce zai karɓi haraji a kan manyan gidaje da filayen da aka killace ba a gina ba, shi ne masu su ne suke saya masa fom, su ba shi motocin yawon neman ƙuri'a, kuma wannan babu jam'iyyar da ta tsira daga gare shi. Ga Alhaji mai yadi kuwa ina cewa, sharaɗinka na ganin lissafi haƙƙinka ne, amma wanda ya biya shi ne bakinsa yake da nauyi idan ya je neman lissafin.

Malamin Aji Huɗu ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, musamman Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na fahimci cewa na daɗe ina kallon Abuja alhali ƙofofi biyu da suka fi kusa da ajina suna babban birnin jiharmu: ko an ajiye rabin da ake buƙata don karɓo kuɗin UBEC, da kuma ko ana karɓar harajin manyan masu samu na gida yadda ake zare nawa duk wata. Ranar Asabar mai zuwa kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu zai zauna, kuma a cikinsa akwai mutanen jam'iyyu uku waɗanda ba sa ga maciji da juna tun zaɓen da ya wuce. Zan nemi shugaban makaranta ya ba ni dama in karanta musu bayanin tsohon jami'i, sannan in ba da shawarar mu rubuta wa ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu takarda ɗaya da sa hannun kowa, mu tambaye shi waɗannan abubuwa biyu, mu haɗa da hoton ajin.

Alhaji, game da maganarka ta benci, kafinta a garinmu ya ce kowanne yana ɗaukar yara huɗu idan sun matsu, don haka muna buƙatar kamar ashirin a kan bakwai ɗin da muke da su. Idan da gaske kake, zan karɓo farashin a rubuce in kawo shi nan kowa ya gani, kuma duk abin da aka saya za mu liƙa lissafinsa a ƙofar ofishin shugaban makaranta kamar yadda ka nema. Ranka ya daɗe tsohon jami'i, ina roƙon ka taimaka mana da yadda za mu tsara tambaya ta biyu, domin ba na so a amsa mana da jimillar kuɗin shigar jiha, ina so a faɗa mana mutum nawa ne waɗanda ba ma'aikatan albashi ba suka biya, kuma nawa suka biya.